Sukuba: kurme ne ko nutso?

1/ Jama'a, ku taya ni. Ina rubuce-rubuce kan jirgin ruwan Liberty da ke kwance cikin teku a gaɓar Tulamben, tsibirin Bali na Indonesiya, sai kalmar sukuba ta tokare ni. Me Bahaushe zai kira shiga ƙarƙashin teku da tukunyar iska a baya?

2/ Jirgin sojan Amurka ne, tsawonsa kusan mita 120. Jirgin ƙarƙashin ruwa na Japan ya harbe shi a 1942, aka jawo shi bakin gaɓa. A 1963 dutsen Agung ya yi aman wuta, girgizar ta tura shi ruwa. Samansa na zurfin wajen mita 5, ƙasansa mita 30, kuma da ƙafa ake shiga daga tudu.

3/ Wani ya ce "kurme". Ni ma ita ta fara zo mini, kalma ce mai daɗin baki. Amma a kurme cika ƙirji ake yi a toshe hanci, ka ga ta saɓa. Dokar farko a sukuba ita ce kada ka taɓa riƙe numfashi. A zurfin mita 10 matsin ya ninka na tudu, don haka iskar da ka shaƙa a can za ta kumbura ninki biyu kafin ka iso sama. Wanda ya haɗiye ta ya taso, huhunsa na iya yagewa, kuma a ruwa marar zurfi irin na Liberty kumburin ya fi sauri. Ba na son sunan da zai koya wa mutum abin da zai halaka shi.

4/ "Nutson oksijin" kuskure ne. Iskar da muke shaƙa ce zalla aka matse a tukunyar, oksijin kashi 21 cikin 100. Tsantsarsa guba ne idan an wuce mita 6.

5/ "Nutson iska"? Kun san inda kunnen mutanenmu zai kai shi. "Nutson goyo" ma na so shi, tunda goya tukunyar ake yi, sai wata baiwar Allah ta ce kamar an ce jariri ya faɗa rijiya. Na janye.

6/ Tun na'urar sukuba da wasu Faransawa biyu, Kusto da Gagnan, suka ƙera a Faransa a 1943, abin da ya bambanta wannan da sauran shi ne mutum yana ƙasa yana numfashi abinsa, ba igiyar iska daga kwale-kwale. Shi ya sa na tsaya a kan "nutson numfashi". Mai yi kuwa mai nutson numfashi. Kurme ya zauna wa masu toshe hanci.

7/ Shi jirgin, ba zan ce ɓaraguzai ba, don ƙirarsa tana nan. "Kufan jirgi" na rubuta: masu shi sun tashi, murjani da kifaye sun gaje. Wanda ya ce "mushen jirgi", Malam, ka ba ni dariya, amma ba zan sa ba.