Neman shawara: zan iya cike ramukan ƙwaro da wata kala daban?

Maman Halima, Argungu: Assalamu alaikum. Ina da akwatin maɗaci na kakata, da shi aka kai ta ɗaki. Ƙwaro ya huda murfin da gefe guda, ƙananan ramuka kamar an soka tsinke. Kafinta ya ce a cike da abu mai kalar katakon a bi da fenti. Ni kuwa so nake a cike da baƙi ko fari, su fito fili su zama ado. Zai yiwu?

Kafinta daga Gusau: Wa alaikumus salam Hajiya. Zai yiwu, amma kar ki fara da cikewa. Ramin da kike gani ƙofar fita ce, tsutsar tana cin katakon daga ciki, sai ta girma ta huda ta fito. Ki share akwatin tas, ki ɗora shi kan baƙar leda na mako biyu. In kin ga sabon gari mai laushi ya zubo, suna nan da rai. In kuma ƙasa kika gani a manne, gara ce, maganinta daban.

Baban Sadik, Jega: A shafe shi da baƙin mai kawai, an gama.

Kafinta daga Gusau: Haba Alhaji, baƙin mai na azara ne. In ya shiga katako gam ba ya kamawa, kuma tufafin da aka sa ciki sun ɗauki wari ke nan. Hajiya, ki ɗura kananzir rami-rami da sirinji, nesa da wuta, ki bar shi ya bushe sarai har warin ya tafi. Sannan a kwaɓa gam ɗin Araldite da garin gawayi da aka tankaɗe, a danna da bakin wuƙa, ya ɗan yi tozo. Washegari a goge da samfefa mai laushi, ana bin tsawon katakon. Ki manna salatif kewaye da ramukan, don gawayi na shiga jijiyar maɗaci ya bar dabbare. Baƙi ya fi zama a kan jan katako. Fari kwana kaɗan ya yi dauɗa.

Inna daga Talata Mafara: Ɗiyata, ra'ayinki ya yi min. Ƙwaryar da aka ɗinke ma ba a ɓoye ɗinkinta. Sai dai in ramukan sun yi yawa, baƙi zai sa murfin ya zama abin ƙyama ga ido. Ki gwada a ƙasan akwatin tukuna. Kakin zuma da gawayi ma na yi, kuma ana iya ƙwaƙule shi in bai yi miki ba.

Maman Halima: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Inna, kakin ba zai narke ba da zafin Afrilu?

Inna: A ɗaka ba ya narkewa, laushi kawai yake yi. Kar dai ki bar shi a rana ko jikin kwano.