Ƙanena mai tsaron baya ne: mu sayar da fili ya tafi gwaji Fotugal?

Yayan Marayu: Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda irin wannan ya taɓa samunsu, ko ya sami wani nasu. Ƙanena yana buga lamba biyar a wata makarantar koyon ƙwallo a Kaduna, kuma saura wata bakwai ya cika shekara 18. Wani eja, wato dillalin 'yan wasa, ya ce zai samar masa gwaji na mako uku a wata ƙungiya ta rukuni na uku a Fotugal, amma sai mun biya naira miliyan 4 na biza da tikiti da masauki. A nan gida kuma wata ƙungiya ta rukuni na biyu tana son yi masa rajista a kaka mai zuwa, da albashi ɗan kaɗan. Ba mu da wannan kuɗi sai idan mun sayar da filin da mahaifinmu ya bari, wanda ƙannenmu mata biyu ma suna da gado a ciki. Mu sayar ko mu haƙura?

Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam. Idan yaron yana da tsawo da gudu, ku mayar da shi gaba tun yanzu, domin Turawa masu cin ƙwallo suke zuwa nema a Afirka, masu tsaron baya kuwa suna da nasu.

Koci Mai Usur: Wannan magana ba ta da tushe, ɗan'uwa. Zaidu Sanusi, ɗan jihar Kebbi, ta Fotugal ɗin nan ya bi. Ya buga wa Mirandela a rukuni na uku, ya koma Santa Clara, sannan Porto ta ɗauke shi a 2020, kuma shi ne ya ci Benfica ƙwallon da ta ba Porto kofin gasar ƙasar a 2022. Abin da ya dame ni a batunka, Malam, shi ne shekarun yaron, saboda dokar FIFA ta hana sauya sheƙa zuwa wata ƙasa kafin shekara 18 sai a wasu yanayi ƙalilan. Ko da ya ci gwajin, ba za a yi masa rajista yanzu ba, to gaggawar me ejan yake yi?

Tsohon Lamba Uku: Ni ba labari aka ba ni ba, a jikina na ji. Mu shida aka kwasa zuwa Istanbul, ni kaɗai ne ɗan baya a ciki, bayan mahaifiyata ta sayar da shanunta biyu da sarƙar zinarinta. An ajiye mu a wani masauki, muka yi atisaye sau biyu a filin unguwa, aka kawo wani mutum sanye da kwat aka ce shi ne mai farautar 'yan wasa na wata babbar ƙungiya. Bai tambayi sunan ko ɗayanmu ba. A rana ta tara wayar ejan ta daina shiga, mai masaukin ya fitar mana da jakunkuna, sai a lokacin muka gane bizar yawon buɗe ido ce a fasfonmu. Na yi wata goma sha huɗu ina guga a wata masana'antar tufafi, mu takwas a ɗaki ɗaya, ina ɓoye wa 'yan sanda, ina kuma gaya wa mahaifiyata a waya cewa ana nan ana shirya kwantiragi. Na dawo da ciwon gwiwa, kuma har ta rasu ba ta taɓa yi mini maganar shanun nan ba, wanda shi ne ya fi komai ci mini rai.

Hajiya Umman Biyu: Allah ya jiƙanta da rahama. Ni tambayata ga mai neman shawara ita ce, an nemi yardar 'yan matan nan kafin a fara zancen sayar da filin?

Ɗan Fagge: Allah ya gafarta mata. Amma miliyan 4 ta yi araha har ta ba ni tsoro, domin maƙwabcinmu miliyan 7 ya biya bara.

Baban Khalifa: Mu miliyan ɗaya da rabi muka biya, yaron ya je ya dawo lafiya, ko da yake ba a ɗauke shi ba.

Koci Mai Usur: Dukanku an ci kuɗinku, bambancin yawa ne kawai. Ƙungiyar da take son ɗan wasa da gaske ita take aiko takardar gayyata da sunansa, kuma galibi ita take ɗaukar nauyin zamansa. Ku nemi ejan ya nuna lasisinsa na FIFA, ku kuma rubuta wa ƙungiyar kai tsaye. Hanyar gida ma ba rufaffiya ba ce: Shehu Abdullahi daga Kano Pillars ya shiga tawagar Stephen Keshi a gasar CHAN ta 2014, wato kofin Afirka na 'yan wasan da ke buga wa ƙungiyoyin gida, daga nan ya tafi Qadsia ta Kuwait, ya wuce Fotugal da Turkiyya, ya ci tagulla a Olamfik ta 2016, ya kuma buga Kofin Duniya na 2018.

Tsohon Lamba Uku: Koci, da girmanka, kana lissafa mana waɗanda suka haye ne. Mu da muka nutse babu mai riƙe da sunayenmu. Ko wanda babbar ƙungiya ta saya ma ba shi da tabbas, domin Chelsea ta sayi Kenneth Omeruo a 2012, ta yi ta bayar da shi aro a Holan da Ingila da Turkiyya da Sifaniya, har ya bar ta a 2019 bai buga mata wasan gasa ko ɗaya ba.

Koci Mai Usur: Omeruon da ka ambata ya ɗauki Kofin Afirka a 2013 yana cikin wannan aron. Shekarata ashirin ina horar da yara, ba daga gidan kallo nake magana ba.

Ɗan Fagge: A bar gidan kallo ya huta, Koci, domin mu da muke biyan kuɗin benci mun fi wasu masu usur sanin abin da ake kira satar gida.

Baban Khalifa: Ni abin da ban yarda da shi ba shi ne yabon gasar gida. Ɗan yayata ya yi kaka guda cur a wata ƙungiya da ba zan ambata ba, albashin wata uku kacal ya karɓa, kuɗin sa hannu kuwa har yau alkawari ne. Sukan kwana a mota a kan hanya su sauka su shiga fili, kuma ranar da ya karye a ƙafa mu muka kai shi wajen mai ɗori da kuɗinmu.

Tsohon Lamba Uku: Ba a ma zo kan masu karɓar na goro kafin su sa yaro a jerin sha ɗayan farko ba.

Koci Mai Usur: Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba, kuma ni kaina ina bin wata ƙungiya albashin wata biyar.

Yayan Marayu: Na gode muku. Hajiya, ban yi magana da su ba tukuna. Ejan ya sake kira ɗazu, ya ce ya rage zuwa miliyan 3 idan za mu biya kafin Juma'a.

Baban Khalifa: Koci, wata biyar ɗin nan, kun kai ƙara hukumar gasar kuwa, ko ku ma haƙuri aka ba ku?