Musayar waƙa: Ranar da bindiga ta cije

Tsohon Saje: Assalamu alaikum. Ga baiti uku a kan abin da duk wanda ya taɓa sa kaki ya sani, kuma mai amsawa ya biyo ni da amsa-amon "ba".

Ranar fareti bindigata sai ƙyalli,
Ranar gumurzu ko sau ɗaya ba ta tashi ba.
Oba-oba a bariki sai surutu,
Da aka yi mana kwanton ɓauna ba ta ce uffan ba.
Taswirar Kyaftin ta ce akwai gada,
Mun iso bakin kogi, ba mu ga gadar ba.

Kofur Mai Ritaya:
Saje, kada ka ɗora wa ƙarfe laifi,
Wata uku cur ba ka ɗiga mata mai ba.
Kurtu na goge tasa kana minshari,
Yau kuma ka ce ba ta yi biyayya ba.

Ɗan Igwa: Allah ya ƙara basira, Kofur! Wannan amsa ta rufe bakin sojojin ƙasa gaba ɗaya.

Tsohon Saje: Kofur, a shekarar 1967 sojojin Amurka da dama sun rasa rayukansu a Biyetnam riƙe da bindigar M16 da ta cije, domin an sauya garin da ke cikin harsashinta, kuma ba a wadata su da kayan gogewa ba, har sai da majalisar ƙasarsu ta binciki lamarin. Su ma minshari suke yi?

Kai da ka shekara tara a sito,
Kana ƙirgar takalman da ba su iso ba,
Ka ba ni na ƙafar hagu har guda biyu,
Kuma ƙarar harsashi ba ka taɓa jin ta ba.

Malama Mai Alli: Ranka ya daɗe Saje, ɗangonka na ƙarshe ya yi ɗingishi, gaɓoɓinsa sun zarce na ɗan'uwansa. Amsa-amon "ba" kuma araha gare shi, tunda korarrun jimloli da dama da shi suke ƙarewa.

Ɗan Igwa: Gaskiya ce, Malama. Na Kofur ya fi zama a kan kari.

Mai Sintiri: Malama, ɗangon Kofur na biyu ma ya fi na farko tsawo, amma ba ki taɓa shi ba. In za a auna, a auna kowa da mudu ɗaya.

Malama Mai Alli: Tsawo daban, karya kari daban. Ka rera su da baki, kunnenka zai gaya maka.

Mai Sintiri: Na rera, Malama, ban sauya ra'ayi ba. Ɗan Igwa kuwa, mai yabon wasu, ga naka:

Mun roƙi igwa tun kafin asuba,
Har rana ta take ba ta amsa ba.
Da ta amsa, ramukanmu ta nufa,
Abokan gaba ko ƙura ba ta taɓa su ba.