Motar gas, sanyin asuba da lambobin kwamfuta: wa ya taɓa gamuwa da wannan?

Mai albasa, Mabera:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da tsohuwar a-kori-kura mai shan gas, wato dizal, silinda huɗu, ƙirar 2007, da ita nake ɗauko albasa daga Gada zuwa cikin gari. Tun da hunturun nan ya kankama ta tsiro min da wani hali. Da asuba in na murza makulli sai injin ya yi ta juyawa a kasalance, sau uku sau huɗu kafin ta kama. In ta kama kuma farin hayaƙi mai warin ɗanyen gas ya turnuƙe layinmu, tana karkarwa kamar mai masassara, sai bayan minti biyar ta daidaita. Da rana kuwa bugu ɗaya take tashi. Fitilar cek, mai nuna inji na da matsala, tana kunne. Na kai wa mai kwamfuta, ya jona, lamba uku suka fito: P0380, P0562, P0087. Ya goge su, ya ce famfon gas ne ya gaji, in nemo kuɗi har da na nozul, masu fesa gas cikin silinda. Abin da ya faɗa ya kusa cinye ribar kakar bana. Wanda irin wannan ta taɓa samu, don Allah ya gaya min yadda tasa ta ƙare.

Direban tifa, Kwannawa:
Wa alaikumussalam. Alhaji, ƙarfe nawa ka kai ta wurin mai kwamfutar?

Mai albasa, Mabera:
Bayan azahar, na dawo daga Gada.

Direban tifa, Kwannawa:
To nan anka yi kuskure na hwarko. Mota na ciwo da asuba, an duba ta da rana tsaka injin shina da zahi. Ni ma haka anka yi min bara, sau biyu ina biyan kuɗin kwamfuta ana cewa lahiya lau take. Sai da na bar ta kwana garejin, munka taho da sassahe munka jona kahin a tada ta, sannan abin ya bayyana.

Mai wayarin, Tashar Illela:
Alhaji, wayarin mota ne sana'ata, kuma duk shekara daga Disamba zuwa Fabrairu irin wannan aikin ne ke ciyar da ni, don haka bari in ɗan tsawaita.

Motar gas ba ta da fulogi mai tartsatsi irin na motar fetur. Iska injin ke matsewa har ta yi zafin da gas zai kama da kansa. In ƙarfen ya kwana cikin sanyi yana shanye wannan zafin, shi ya sa aka sa hita a kan kowace silinda, kuma shi ya sa dole kik, mai murza injin ya tashi, ya juya da sauri. A Sakkwato wata tara mota ba ta damu da hita ba, zafin gari ya ishe ta. Hitoci na iya mutuwa tun damina ba wanda ya sani, sai asubar da sanyi ya sauko ƙasa da digiri 15 asiri ya tonu.

Lambobinka kuwa, P0380 layin hita ne. Ba ta ce hitar ce ta mutu ba, tana iya zama fiyus, ko rile, ko waya. P0562 wuta ce ta yi ƙasa, wato batir, ko kan batir, ko caji. P0087 ƙarfin gas a bututun da ke raba wa nozul ne bai kai ba. Ita ce mutuminka ya kama don ita ce mai tsada. Amma ka duba, famfon nan injin ne ke juya shi. In kik na jan ƙafa, famfo ma zai ja ƙafa. Filta da ta toshe ko iska da ta shiga layi ma suna kawo wannan lambar. Ni da P0562 zan fara.

Ka sa a auna batir da safe kafin a taɓa komai. Cikakke yana nuna wajen volt 12.6, wato ƙarfin wutarsa. Lokacin da ake buga kik bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba. In tana tafiya a ga 14 ko kusa da haka. Hita kuma a cire wayar kowace a auna ta ita kaɗai, mai rai tana nuna om ɗaya ko kusa (om shi ne ma'aunin yadda abu ke tare wuta), matacciya ba ta nuna komai. Aikin minti ashirin ne.

Ɗan ƙaramin direba, Arkilla:
Oga, in an cire kan batir ba goge lambar yake ba? Mu haka muke yi fitilar ta mutu.

Mai wayarin, Tashar Illela:
A wasu motocin yana gogewa, ƙanena, amma ciwon yana nan. Kuma tare da lambar kwamfutar mota tana ajiye bayanin yadda injin yake lokacin da abin ya faru, zafin ruwa nawa, wuta nawa, juyin inji nawa. Wanda ya goge bai karanta wannan ba ya yar da rabin shaidar. Ka ɗauki hoton allon da wayarka tukuna.

Mai jigilar siminti:
Tawa tirela ce, batir biyu, wuta 24. Lambobinmu daban suke da na ƙananan motoci. Shekaru biyu da suka wuce ina layin ɗaukar kaya a Kalambaina, ta ƙi tashi da asuba, fanka kuma in ta tashi ba ta hutawa. Na'ura ta nuna SPN 110, FMI 3. Ta farkon tana nufin ma'aunin zafin ruwan inji, ta biyun tana nufin wutar layin ta yi sama fiye da ƙima, galibi waya ce ta katse. Muka sayi sabon ma'auni, ba canji. Ashe ɓera ne ya ci wayar a bayan injin, wurin da yake shiga neman ɗumi da dare. Yaron motata ne ya gano da tocila. Sabon ma'aunin yana nan cikin akwatin kaya har yau, tsohon lafiyarsa ƙalau.

Abin da na koya a wurin mai wayarin da ya yi aikin: in mota ta kwana, ka duba zafin ruwa da zafin iskar da na'ura ke nunawa kafin a tada ta, ya kamata su yi kusa da juna. In ka ga an rubuta 40 ƙasa da sifiri a garin Shehu, ai ka san waya ce.

Baba mai 911, Achida:
Ku da kwamhutocinku. Shekara talatin ina jan babbar mota 911, ba ta da hitila ko guda da ka ce min ga ciwo. Kunne da hanci munka sani. Hwarin hayaƙi mai warin gas da ka ɓacewa in ta ɗau zahi, gas ne bai ƙone ba. In hwari ne bai ɓacewa kuma ruwan lagireto na raguwa, wannan gasket ne, ka aje ta. Da hunturu kan gangara nike kwana da ita, in sa dutsi, da sahe in sake ta ta gangara ta tashi.

Ɗan ƙaramin direba, Arkilla:
Baba, wani ya ce min gas ɗin ne ke daskarewa da sanyi, wai a zuba masa kananzir ko fetur kaɗan.

Mai wayarin, Tashar Illela:
Wannan labarin ƙasashen ƙanƙara ne, inda sanyi ke kaiwa sifiri ya wuce. Namu bai kai nan ba. Kada ka zuba, musamman a injin zamani, don gas ɗin shi ne ke shafe famfo da nozul daga ciki, in ka tsinka shi suna cin junansu. Abin da ke damunmu a nan ruwa ne da datti cikin gas na jarka. A ƙasan filta akwai ɗan makunni na zubar da ruwa, mutane da yawa ba su taɓa murɗa shi ba.

Tunda an zo nan, masu jiƙa tsumma da fetur su kara a bakin iska, ko su fesa maganin tada inji: a motar da ke da hita wannan ganganci ne. Na ga wadda ta yi bugu ɗaya ta fasa ring ɗin fistin. Masu hura gawayi a ƙarƙashin inji kuwa, Allah ya kyauta.

Malamin makaranta, Bodinga:
Ni tawa tsohuwar Toyota ce mai injin 1KZ, na gada wurin mahaifina. Ba ta buƙatar na'ura. Akwai ɗan akwati na gwaji, in ka haɗa ramukansa na TE1 da E1 da guntuwar waya ka kunna makulli, fitilar cek za ta riƙa ƙiftawa kana ƙirgawa. Tawa ta yi biyu, ta dakata, ta yi biyu, wato 22, ma'aunin zafin ruwa. Soket ɗin ne ya cika da ƙura da tsatsa. Na wanke, shi ke nan. Sai dai a tabbata ramukan da za a haɗa, kada a jona wuta inda ba nan ba.

Mai kai kaya Kwanni:
Kada a manta ƙura. Hanyar Illela da hazo, sati biyu filtar iska ta koma kamar bulo. Tawa P0101 ta kawo, ta ma'aunin iska, ga baƙin hayaƙi ga rashin ƙarfi a hawa. Yara a gareji sun hure filtar da iska mai ƙarfi har ta yage, ƙura ta wuce ta zauna kan ma'aunin. Sabuwar filta da wanke ma'auni da ruwan fesawa na kayan lantarki, ta dawo daidai.

Mai albasa, Mabera:
Jama'a na dawo, Allah ya saka da alheri. Na bar ta kwana wurin wani mai wayarin a unguwarmu, muka haɗu bayan sallar asuba. Batir ya nuna 12.4, amma da aka buga kik wutar da ke isa wurin kik ɗin ta faɗi zuwa 8. Wayar da ta tashi daga batir zuwa jikin inji ce ta yi kore a ciki, ana lanƙwasa ta tana zubar da gari. Hita huɗu, biyu matattu. Filtar gas da muka zubar, abin da ya fito rabinsa ruwa ne ja. Mun canza wayar, hitoci duka huɗu da filta, ba a taɓa famfo ba.

Yau kwana shida. Ina jira fitilar hita ta mutu sannan in murza, bugu ɗaya take tashi, hayaƙin kaɗan ne. P0380 da P0562 ba su dawo ba. P0087 ta dawo sau ɗaya shekaranjiya, ina ɗauke da buhu ashirin a hawan da ke bayan Kware.

Mai wayarin, Tashar Illela:
Madalla. Wannan ta ƙarshen kada ka bari a goge ta, Alhaji. Tunda da kaya ta fito ba da asuba ba, a duba ko tankin ma yana da datti, da ƙaramin bawul ɗin da ke jikin famfo mai daidaita shigar gas, ana canza shi shi kaɗai. Ka turo hoton allon in gani.