Land Cruiser 80 mai injin 1HZ: ƙara a inji da rawar sitiyari bayan an ɗaga ta

Direban Jeji:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar masana kan Land Cruiser 80 ta hannu, ƙirar 1996, injin dizal 1HZ, giyar hannu, mita na nuna kilomita 340,000. Matsala biyu gare ta.

Ta farko, inji yana ƙara iri biyu. Da safe in an tayar da shi akwai wani cak-cak da sauri daga sama, wanda yake raguwa in ya yi zafi. Sai kuma wani ƙwas-ƙwas mai kaifi da ba ya tafiya, ya fi fitowa a silo, da ɗan baƙin hayaƙi in an taka totur.

Ta biyu, mai ita na farko ya ɗaga ta inci 2 da dogayen sifirin, ya sa taya 285/75R16. A kwalta tana yawo, sai ka riƙa gyara sitiyari, kuma in ta faɗa rami wajen gudun kilomita 70 sai gaban ya kama rawa har sai an rage gudu. Wani ya ce a sauke inji, wani ya ce a sa sabon shokazoba na sitiyari. Da wanne zan fara?

Bakaniken Dizal:

Wa alaikumus salam Malam. Kada ka yarda a sauke injin nan tukuna. Dizal da ma mai surutu ne, kuma babu abin da ka faɗa da ya nuna lallai matsalar a ƙasa take.

Fara da gwajin da ba ya cin kuɗi. Inji na sanyi, a cire fanbel da bel ɗin AC, a tayar minti ɗaya kacal, tunda watafam ba ya juyawa. In ƙarar ta ɓace, boris ɗin altaneta ne ko watafam ko fule. In tana nan, a mayar da bel, a ɗauki doguwar sukudireba, bakinta a jikin inji, ƙotar a kunne, a saurari murfin bawul, da kan kowane nozul, da ƙasan bulok kusa da kwanon baƙin mai.

Cak-cak ɗin safe mai raguwa da zafi, na fi zargin gasket ɗin manifol na salansa. Ƙarfe in ya yi zafi yana faɗaɗa ya toshe ɗan ramin. Ka duba gefen manifol da tocila: za ka ga baƙin toka a inda hayaƙi ke fita, sau da yawa har da kusa guda da ta karye. In wurin tsaf yake, to a auna tazarar bawul inji na sanyi: na shigar iska 0.15 zuwa 0.25 mm, na fitar hayaƙi 0.35 zuwa 0.45 mm. A 1HZ ba noti ake juyawa ba, shim ake canzawa, wato ɗan faifan ƙarfen da ke daidaita tazarar, don haka ka tabbata wanda zai yi aikin yana da filagej na auna tazara da shim kala-kala. Bawul da ya matse ya fi mai surutu haɗari, domin shi shiru zai yi har ya ƙone.

Shi kuma ƙwas-ƙwas mai kaifi da baƙin hayaƙi, alamar nozul ce mai ɗiga maimakon fesawa. Inji na silo, a sassauta notin bututun mai a kan nozul ɗaya bayan ɗaya, a rufe da tsumma, kada kowa ya sa yatsa, man yana fita da ƙarfin da zai huda fata. Silindar da ƙarar ta mutu in an sassauta ta, ita ce mai laifi. Amma a nan ake yawan kuskure: ƙarar metal ɗin konrod, wato sandar da ke haɗa fiston da karanshaf, ita ma tana raguwa in an kashe silindarta. Abin da zai raba gardama shi ne a musanya nozul ɗin da na wata silinda. In ƙarar ta bi nozul, a kai duka shidan wurin masu injekta a gwada su a famfo, su buɗe a wajen 150 kg/cm² kuma su yi feshi kamar hazo. In ƙarar ta zauna a silindarta, sai a ɗaura gejin baƙin mai na hannu inji na zafi. Ƙasa da 0.3 kg/cm² a silo, ko ƙasa da 2.5 a juyi 3,000, to a kwance kwanon ƙasa a duba metal, kuma kada a ƙara hawa motar kafin nan. Ƙarar metal ba ta da kaifi, gum-gum take yi daga ƙasa, tana ƙaruwa in mai ya yi zafi ko an hau tudu.

Kuma tunda ba ka san tarihin motar ba, canza tayamin bel da tenshina yanzu. Duk kilomita 100,000 ake canza shi, in ya tsinke fiston zai daki bawul.

Mai Alaimen:

Oga ya gama da inji, ni bari in taɓa ƙafa. Yawo daban, rawa daban, kowanne da sanadinsa.

Yawon daga kasta yake, wato jinginar da ke sa sitiyari ya dawo tsakiya da kansa. Aksul ɗin gaba na 80 dogayen hannuwa biyu ne ke riƙe shi da shasi. In an ɗaga mota, hannuwan sai su karkata ƙasa, aksul ya ɗan juya gaba, kastar ta ragu. Daga kamfani kasta wajen digiri 3 ce, ɗagawar inci 2 kuwa tana iya cinye kusan digiri 2. A hau da ita injin alaimen a karanta lambar, kada a yi da ido. In ta sauka zuwa digiri 1 ko ƙasa, a sa bushin gyaran kasta masu rami a gefe, guda huɗu, biyu a kowane hannu. Akwai yadda ake saita fuskarsu kafin a danna da firas, in an juya su baibai matsalar ninkawa za ta yi.

Rawar kuwa, wani abu ne ya yi lako-lako. Mota na ƙasa, inji a kashe, wani ya riƙa kaɗa sitiyari hagu da dama, kai kuma kana ƙarƙashi kana kallo. Fara da sandar fanhad, wato ƙarfen da ya ratsa daga shasi zuwa aksul don kada ya goce gefe. Ko motsin milimita ɗaya a bushinta ko a ramin kusarta ya isa ya kawo rawar nan. Sai kawunan tayarod, sai notin da ke riƙe hannun sitiyari a ƙasan nokul (gidan ƙarfen da tayar gaba ke karya kwana da shi), waɗanda suke kwancewa a hanyar gargada. Daga nan a ɗaga da jak, a kama taya sama da ƙasa a girgiza. In akwai motsi, wani ya taka birki: ya tsaya, boris ɗin taya ne, bai tsaya ba, boris ɗin kinfin ne, wato wanda nokul ke juyawa a kansa. A ƙarshe a yi balansin tayoyin.

Sabon shokazoba na sitiyari ɓoye cutar yake yi na 'yan watanni. A sa shi bayan an gama gyara, ba laifi.

Ɗan Sahara:

Na yarda da Mai Alaimen. In an ce maka a sayi fanhad mai daidaitawa, ina ganin a inci 2 ba dole ba ne, aksul ɗin kaɗan yake gocewa. Auna daga taya zuwa shasi a ɓangarorin biyu, in bambancin ba yawa, sabon bushi ya wadatar.

Abin da masu ɗagawa suka fi mantawa shi ne birkin baya. Akwai bawul a shasi mai auna nauyin kaya, an haɗa shi da aksul ɗin baya da siririn ƙarfe. In mota ta ɗagu, bawul ɗin yana ɗauka babu kaya sai ya rage wa baya birki, gaba kaɗai ke aiki. A ɗaga mahaɗinsa na jikin aksul daidai tsawon da aka ɗaga motar.

Sannan a ɗaga shasi aksul ya rataya gaba ɗaya, a duba tiyon birki da tiyon numfashin aksul, kada su miƙe tsam. A duba ko shokazoban na tsohon tsayi ne, don da yawa sifirin kawai suke canzawa, sai ka ji dum duk lokacin da taya ta faɗa rami. Duk kusar bushi kuma a ɗaure ta bayan an sauke mota kan tayoyinta, in ba haka ba robar murɗewa take ta yage da wuri.

Direban Jeji:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Tambaya ɗaya ta rage: akwai kaf-kaf daga gaba in na karya kwana sosai cikin giyar ƙafa huɗu. Shi ma daga ɗagawar ne?

Mai Alaimen:

A'a Malam, wannan barfil ne, mahaɗin da ke cikin nokul. Duba bayan tayar: in ka ga giris ya tsinke yana zuba baƙi, sil ɗin cikin aksul ya mutu, man giya ya wanke giris ɗin. In za a kwance nokul don kinfin, a yi su lokaci ɗaya: sabon sil, sabon boris, a wanke barfil a duba ƙwallayensa, a cika da baƙin giris mai moli, nokul ɗin kashi uku cikin huɗu, kada a cika shi maƙil.