Dalar azurfa mai launin bogi: in sayar ko in riƙe?

Jama'a, na rasa yadda zan yi. Na sayi dalar Morgan, tsohuwar tsabar azurfa ta Amurka, bugun 1881, saboda shuɗi da jan da suka lulluɓe fuskarta. Na tura ta wurin masu tantancewa, suka ƙi ba ta maki, wai launin ba na tsufa ba ne, da farar wuta aka turara ta. Na duba da madubin ƙara girma: launin ya hau haruffa da filin da ke kewaye da su bai ɗaya, alamar launin bogi ke nan. Mai sayarwar ya ƙi karɓa, wai shi ma haka ya same ta.

Yanzu wani ya taya. Idan na gaya masa gaskiya ya yarda, sayarwar ta dace, ko masu algus nake ƙarfafawa?