Wane suna za mu sa wa tamostat? Ni dai na tsaya kan "linzamin zafi"

Jama'a, ina so mu tsayar da suna guda na Hausa ga 'yar na'urar nan da ake kafawa a bango a gidajen da ke da injin ɗumama ɗaki da na sanyayawa, wadda Turawa ke kira thermostat, masu gyara kuma suke cewa tamostat. Sunaye uku aka kawo: ma'aunin zafi, madaidaicin zafi, da na'urar daidaita yanayi. A ganina duk ukun ba su kai ba.

Ma'aunin zafi yana da mai shi, wato abin da ake sa wa majiyyaci a hammata. Aikinsa ya faɗi lamba ya yi shiru. Madaidaici kuwa a kunnen Bahaushe abu ne tsaka-tsaki, ba babba ba ba ƙarami ba, don haka madaidaicin zafi zai zama siffar zafin, ba sunan na'ura ba. Na ukun ya yi tsawo, ba mai gyaran da zai tsaya faɗinsa yana kan aiki.

Hujjata tana bayan na'urar, inda wayoyi suke. A yawancin gidajen Amurka da Kanada, idan ka cire fuskarta za ka tarar da siraran wayoyi huɗu ko biyar, kowace an ɗaure ta a ƙarƙashin harafi. Wutar da ke cikinsu bolt 24 ce kacal, daga wata 'yar taransifoma da ke cikin injin ɗumamawa. Wayar R ita ke kawo wutar. In ɗaki ya yi sanyi, na'urar ta haɗa R da W, injin ɗumi ya tashi. In ya yi zafi, ta haɗa R da Y, kwamfireso, wato injin da ke matsa gas ɗin sanyi, ya tashi, ta kuma haɗa da G domin fanka ta hura iskar. Iyakar aikinta ke nan: ta ji, ta haɗa, ta raba. Ba ta ɗumama komai, ba ta sanyaya komai.

Shi ya sa na ce linzami. Doki ke gudu, linzami bai taɓa taka ƙasa ba, amma shi ke sakin doki, shi ke tsayar da shi. Kuma kalmar ta riga ta shiga harkar fasaha a bakinmu, ga makami mai linzami nan kullum a labarai. Tushen kalmar Turancin ma daga Girkanci ne, zafi da tsayawa aka haɗa. Na'urar da Warren Johnson ya yi wa rajista a Amurka a 1883 ƙararrawa take kaɗawa, mai kula da tanderun makaranta ya ji ya je ya ƙara ko ya rage da hannunsa. Tun asali umarni take bayarwa.

Wani malamin Hausa ya ce ai sunan ya bar sanyi a baya. Malam, ranka ya daɗe, gaskiya ne, amma mun saba da haka. Ma'aunin zafi ma yana auna sanyi, ba wanda ya taɓa ƙorafi. Mai son cikakken suna ya ce linzamin zafi da sanyi a rubutu, a baki kuma a taƙaita.

Abin da ya sa na damu da sunan shi ne yadda yake juya tunanin mutum ranar da abu ya ƙi. Wanda ya ɗauka na'urar ita ce ke samar da ɗumin, da ya sa sabuwa ya ga shiru sai ya ce an sayar masa da lalatacciya. Wanda ya san linzami ce zai tambayi kansa: umarnin ne bai fita ba, ko ya fita bai isa ba, ko ya isa injin ya ƙi? Kowanne da hanyar gane shi.

Fara da mita, abin auna wutar lantarki. Auna tsakanin R da C, wato wayar da wuta ke bi ta koma taransifoma, ya kamata ka ga bolt 24 ko ɗan sama da haka. In ba komai, kada ka taɓa linzamin tukuna, ka nufi injin. Sau da yawa fis ne ya ƙone, ɗan ƙarami irin na mota, mai amfiya 3 ko 5, a kan allon injin. Abin da ke ƙona shi kuwa sananne ne: an kwance wayoyi ba a kashe wutar injin ba, tsirarar R ta gogi C. Wani lokacin ma fis lafiya lau yake, murfin injin ne ba a mayar daidai ba, akwai makunnin kariya a bakinsa da ke yanke wuta in bai danne shi ba. Akwai kuma makunnin da ke kan tiren da ruwan iyakwandishan ke taruwa, in magudanar ta toshe ruwa ya cika, sai ya katse layin da gangan.

In wuta tana nan, kashe wutar injin, ka cire R da W ka murɗe su tare, ka sake kunnawa. Ɗumi ya taso? To injin da wayoyin ba su da laifi, matsalar tana linzamin ko yadda aka saita shi. Haka za ka gwada R da G don fanka. R da C kaɗai ba a haɗawa, har abada.

Sai maganar launi, wadda ta fi kowace jefa mutane cikin wahala. A al'ada ja R ce, fara W, rawaya Y, koriya G, shuɗiya C. Amma al'ada ce, ba doka ba. Wanda ya fara jan wayar shekaru ashirin da suka wuce zai iya yin amfani da abin da ya samu a hannu. Harafin da wayar take ciki a tsohon linzami shi ne abin bi. A ɗauki hoto kafin a kwance ko ɗaya, a manna wa kowace 'yar takarda, a naɗe su a jikin fensir kada su zurma cikin bango. Ko harafin ma a yi hattara da B: a wasu tsofaffin injinan kamfanin Trane ita ce C, a wurin wasu kuma aikinta daban.

Wannan ya kawo mu ga injin da ke yin aiki biyu, ya ɗumama ya kuma sanyaya da kwamfireso ɗaya. Yana da wani bawul da ke juya hanyar gas, wayarsa O ko B. Yawancin kamfanoni suna ba shi wuta lokacin sanyayawa, Rheem da Ruud kuwa lokacin ɗumamawa. In ka nemi ɗumi ka ji iska mai sanyi tana fitowa, ba abin da ya lalace, shiga saitin linzamin ka juya wannan zaɓin. In kuma ka ga R biyu, Rc ta sanyi da Rh ta ɗumi, alhali waya ɗaya ke gare ka, dole a sa 'yar gada, wato guntun waya, tsakaninsu, sai dai in sabon linzamin ya yi ta a ciki. Rashinta ne ke sa ɗumi ya yi aiki sanyi ya ƙi, ko akasin haka. Kuma a yi haƙuri da kwamfireso, sababbin linzamai suna jinkirta tayar da shi kamar minti biyar don kare shi.

Tunda mun zo nan, wayoyin ma su samu suna. R wayar wuta, W wayar ɗumi, Y wayar sanyi, G wayar fanka, O da B wayar juyi. C ce ta fi ba ni aiki. Ita ba ta ɗaukar umarni, hanya ce da wuta ke bi ta koma taransifoma. Tsofaffin linzamai, irin zagayayyen nan na Honeywell da ya fito a 1953 mai ɗigon zaiba a cikin kwalba, ba su buƙatarta. Na zamani masu fuska da intanet suna cin wuta dare da rana, in babu ita sai ka ga fuskar tana mutuwa tana dawowa, ko injin yana tashi yana tsayawa ba dalili. Kafin a ja sabuwar waya a leƙa cikin bango, sau da yawa akwai wata a naɗe da ba a yi amfani da ita ba, sai a ɗaura ta a C nan da can wurin injin. Na sa mata wayar komawa. Mai wanda ya fi wannan ya kawo.

Wata Hajiya ta tambaya ko sunan ya shafi tamostat ɗin da ke kan hita mai cin wutar gida kai tsaye. Hajiya, ya shafe shi, shi ma linzamin zafi ne, amma kada a haɗa su a aiki. Wannan wayoyinsa masu kauri ne, biyu ko huɗu, ɗauke da bolt 120 ko 240, haka ma da yawa daga cikin na tukunyar ɗumama ruwa a Ingila, masu bolt 230. Duk gwajin murɗe waya da na faɗa a sama bai shafe su ba, kuma in aka ɗaura musu linzami mai bolt 24 zai ƙone nan take. Wanda ya cire fuska ya ga wayoyi masu kauri ya mayar da ita, ya kira mai aikin lantarki.